Ita a Cikin Gida, Ni a Bakin Kafi

Tashi daga Damagaram

Tun kafin kiran assalatu muka ɗaura wa jakarmu kaya, ni da yayata Hajara, wata Talata cikin bazara, shekara ta biyu bayan an ci Kukawa da yaƙi. A guje muka baro Barno. Mijin Yaya can ya rasu, ni kuwa na iso Damagaram da matata Falmata da 'yarmu, muka raɓe a ɗakin aro. Ɗinkin hula na iya, amma maɗinkan garin ma neman aiki suke. Shi ya sa na ɗaura niyyar zuwa Gangara, garin ubanmu a Damargu, in karɓi gonarsa kafin ruwan shuka ya sauka. In ban samu ba, sai dai in bi ayarin gishiri ina jan raƙuman mutane, in bar Falmata a hannun maƙwabta.

Yaya a Gangara aka haife ta, tana goye Baba ya yi gabas da su. Ni a Kukawa aka haife ni, aka sa mini Bukar, kuma in na buɗe baki kowa ya san daga inda na fito.

Muka bi ayarin masu sayen gero, jakuna wajen talatin. Rana na fitowa Madugu Alasan ya jero da ni.

"Malam Bukar, me ake nema a Damargu?"

"Gonar ubana zan karɓa," na ce, yadda na baya ma za su ji.

Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya zunguri jakinsa ya yi gaba.

Zango na farko

Da la'asar sakaliya muka sauka a wani ɗan ƙauye mai rijiya ɗaya. Ba mu gama sauke kaya ba wata dattijuwa ta fito ta kama hannun Yaya. "Baƙuwa, shigo daga ciki, rana ta dafa ki." Ni aka nuna mini gindin wata aduwa, inda aka ɗaure jakuna. Na sayi fura dunƙule biyu wuri goma, na dama da ruwan salka mai warin fata.

Da magariba Yaya ta fito mini da tuwo a akushi. Ta yi wanka, an shafa mata mai, har an ara mata zane. Na ci tuwon, amma wallahi ban ji daɗinsa ba. Tare muka kwaso rana, ƙafata ma ta fi tata fashewa, ga shi ita an mai da ta 'yar gida ni ina kore wa jakuna ƙuda.

Bakin Birji

Kashegari da hantsi wasu mahaya raƙuma suka tare hanya, suka karɓi abin da suka saba karɓa wurin Madugu. Da suka ji harshena sai suka ware ni gefe. Wa ya aiko ni? Me ya sa namiji mai ƙarfi ya baro ƙasarsa? Ko hanya nake duba wa masu bindigan da suka ci Barno? Suka kwance ƙunshina, suka jujjuya almakashina kamar ba su taɓa ganin irinsa ba. Da ɗayansu ya nuna Yaya, sai wata mai sayar da daddawa da muka haɗu da ita jiya jiya ta ce, "Wannan 'yata ce." Shi ke nan, aka wuce da ita. A cikin maza ashirin ba wanda ya ce ni ɗansa ne ko ƙanensa, sai da Madugu ya gaji da jira ya sa baki.

Muka isa Bakin Birji bayan azahar. Yaya ta shige gidan mai daddawa, ni na kwana a rumfar kasuwa.

Olelewa, kwana biyu

Tafiyar wuni ce cur, ba inuwa sai ta ƙaya. Garin kewaye yake da kafi, shingen itace mai ƙofa ɗaya, kuma baƙo namiji iyakarsa zauren da ke kusa da masallaci. Madugu ya tsaya cinikin gero, muka kwana biyu. Tsofaffin masallaci suka yi ta tambayata, ni kuma na yi ta ba su amsa guda: ni ɗan Mamman na Gangara ne, gonar ubana na zo karɓa. Wani ya ce, "Ikon Allah." Wani ya tashi ya tafi.

Yaya kuwa kafin wuni ɗaya ta san komai. Ta zo ta gaya mini Gwaggo Kande, 'yar'uwar Baba, tana da rai amma idonta ya tafi, kuma gonar tana hannun Isufu, ɗan baffanmu, shekara da shekaru. Duk a bakin turmi ta ji. Abin ya ƙona mini rai, don ni na yi zaman masallaci wuni biyu ban samo ko sunan mutum ɗaya ba.

"Ke kam kin ji daɗinki," na ce. "Ko'ina aka je ke ce 'yar lele."

"Bukar, ka rage faɗin maganar gonar nan."

"Ke me kike ce musu?"

"Cewa nake na zo gaishe da gwaggona."

Ta buɗe mini tafin hannunta, duk ya yi bororo ya fashe. Ta ce, "Ka ga kuɗin tabarmar da kake yi wa ƙyashi. Gidan da na shiga duk sai na yi musu daka." Na kau da kai. A lokacin gani nake ko daka ne a ba ni in yi, in dai za a ce mini shigo.

Gangara

Muka rabu da ayari da asuba, mu biyu da jakarmu, muka isa Gangara rana tsaka. Ashe labarina ya riga ni. Mata suka fito da guɗa, suka rungume Yaya, wannan na cewa ita ta goya ta, waccan na cewa ga goshin uwarta. Suka yi ciki da ita, har jakar ma aka shigar. Ni na tsaya a bakin kafi gaban maza biyar da ke zaune kan gungume. Wani kakkaura ya amsa sallamata, shi ne Isufu.

"Baffa Mamman mun san ya tafi da 'ya mace," ya ce. "Ɗa namiji ba mu ji ba. Wa ya ci naman sunanka a garin nan?"

Aka kai ni gaban mai gari. Ya saurare ni, ya ce in kawo shaida. Na ce ga Yaya. Ya ce tare muka zo, bakinmu ɗaya. Da muka fito wani tsoho ya ja ni gefe. "Ɗana, ba ƙinka ake yi ba. Ita ta dawo, hannu ya ƙaru a gida. Kai ka dawo, gona za a raba. Tun daga Damagaram kake shelar haka, to me kake so su yi?"

Kwana uku na yi a zauren baƙi. Kullum da la'asar hadari na haɗuwa a gabas ya watse, mutane sun gama sharar gonaki, irin shuka na cikin ƙwarya. Ni kuwa ina jin dariyar Yaya ta bayan zana, ana kiranta Hajo, sunan da ni ban taɓa sanin tana da shi ba.

A rana ta uku da hantsi ta miƙo mini kunu ta saman zana, haƙurina ya ƙare. Na ɗaga murya yadda unguwa duka za ta ji. "Riƙe kununki! Uba ɗaya ya haife mu, amma ke aka sani, ke ake so. Me kika fi ni da shi? Tun muna yara komai ke, komai ke! Ni bare ne, ko?"

Sai wata murya ta tsufa ta fito daga ɗaki. "Wa ke wannan ƙorafi da muryar Mamman?"

Aka fito da Gwaggo Kande tana dogara sanda. Ta ce in matso, ta shafa fuskata ta saman zana, ta ce in sake faɗin abin da na faɗa. Kunya ta kama ni.

"Ba sai ka sake ba," ta ce. "Ranar da ubanmu ya ba ni karsana ya ba Mamman jaki, nan ya tsaya, daidai inda kake, yana ihu wai ni aka fi so. Bai ƙara damina a garin nan ba. Ku kai ni wurin mai gari."

A gaban mai gari ta maimaita. Tsofaffi biyu da suka san ranar suka yi ta dariya har da hawaye, ɗaya ya ce ko tsayuwar ma iri ɗaya ce. Isufu bai yi dariya ba. Amma kafin la'asar muka fita da dattawa, aka taka gonar, aka yanka mini ɓangaren yamma, mai yashi, aka ce a dasa gamba a kan iyaka. Ba ita ce mai kyau ba, amma tawa ce, kuma za ta ci da mutum uku.

Da yamma, karo na farko tun da muka baro Damagaram, aka ce mini shigo. Na tarar da Yaya tana tankaɗe a ƙofar ɗakin Gwaggo. Baki har kunne nake ba ta labarin faɗin gonar da inda ta tsaya.

"Barka," ta ce. "Da ana takawa, an ambaci sunana?"

Ba a ambata ba. Ni ma ban ambata ba.

"Kwana bakwai ka yi a waje, Bukar, ka tashi da gona. Ni da aka binne cibiyata a gidan nan, tabarma ce tawa a ɗakin Gwaggo, muddin tana da rai."

Na ce zan yanka mata gayauna daga cikin tawa, inda ta zaɓa.

"Aro ke nan," ta ce. "To, na gode." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana tara. Na shuka, na aika aka zo da Falmata da yarinya, ga mu a gida. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu lafiya. Na gode wa Madugu Alasan, da mai daddawar Bakin Birji, da Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Yaya ma na gode mata, ta amsa. Shekara shida tana noma gayaunar nan, kuma ban taɓa tambayarta abin da take ji ba in ta ratsa gonata za ta tata, don ina tsoron na san amsar.