Ranar da Malam Ɗanladi ya daina jin warwaro

Kullum hantsi na ɗagawa Malam Ɗanladi yake buɗe shagonsa a Gyaɗi-Gyaɗi. Sai ya share bakin ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya shiga ya zauna a kujerar katako ya yi shiru, ba ya kunna komai. Wai shi ma kunne yana son ya huta daga hayaniyar 'yan adaidaita sahu kafin a sa shi aiki. Mu maƙwabta mun sha yi masa tsiya, mu ce gyangyaɗi yake yi da sunan sana'a. Murmushi kawai yake yi, ya ɗora yatsa a baki.

Da gyaran sifika ya fara tun yana saurayi, amma sauraro ne ya ɗaga sunansa. Masu hali na Tarauni da kewaye, waɗanda ke sayen manyan sifikun falo na ƙasar waje, irin masu tsayi har ƙirjin mutum, ba sa rufe ciniki sai Malam ya zo ya ji. In ya ce kaya ne, an saya. In ya girgiza kai, dillali ya tattara kayansa. Ni da idona na ga ya hana wani attajiri canza sifiku masu tsada, ya ce lafiyarsu ƙalau, a janye su daga jikin bango a shimfiɗa darduma a tsakar falo. Aka yi haka, mai gidan ya dinga zagaya ɗakin yana dariya shi kaɗai.

Kuma ba da waƙa yake gwaji ba. Yana da wata murya da ya ɗauka a kaset farkon aurensa, lokacin da ya sayi rakoda ta farko. Matarsa ce, Inna Maimuna, tana daka a tsakar gida tana magana da maƙwabciya ta kan katanga. Daga kaset abin ya koma faifai, daga faifai ya koma filashi, amma bai taɓa canza shi ba. Abu uku yake nema a ciki. Dukan taɓarya ya sauka da nauyi har ka ji shi a ƙirji, ba tare da ya yi ruri ba. Muryar Maimuna ta fito kamar tana tsaye a gabanka. Sannan na ukun, wanda shi ne alƙali: duk ɗaga hannun da za ta yi, akwai siririyar ƙarar warwaro. Sifikar da ta haɗiye warwaron nan, komai tsadarta, Malam ba ya sa mata albarka.

A kan haka muka san shi shekaru masu yawa. Shi ya sa abin da ya faru bayan ƙaramar sallah ya girgiza mu, kuma ni dai har yanzu ban dawo daidai ba.

Bello, wani mai sayar da kayan sauti a Unguwa Uku, ya kawo wa Alhaji Abdulmalik na Tarauni sifiku biyu da ya sha wahala kafin ya samo. Aka kira Malam. Ya zauna a tsakiyar falo, ya rufe ido, aka kunna. Da aka gama ya ce a maimaita. Sannan ya miƙe ya ce, "Alhaji, taɓarya ta yi, murya ta yi, amma babu warwaro. Ko dai an taɓa su, ko ba na asali ba ne."

Magana ta fito daga bakin Malam Ɗanladi, wa zai yi gardama? Kafin mako ya zagayo labari ya karaɗe gari cewa Bello jabu yake sayarwa. Masu odar kaya suka janye. Wasu da suka saya a wurinsa tun bara suka fara dawowa da tambayoyi. Mutumin da yake da mata da yara ƙanana ya wayi gari shagonsa ba mai leƙowa, sunansa ya zube a kasuwar da amana ce jarinta.

Bello bai yi faɗa ba. Ɗauko sifikun ya yi a motar haya ya kai gidan Malam, ya durƙusa ya ce, "Baba, ban zo musu ba. Ka buɗe su ka nuna mini inda aka cuce ni, ni ma in san wanda zan kama." Ya bar su ya tafi.

Abin da ya biyo baya Inna Maimuna ce ta ba ni labari. Bayan la'asar Malam ya jona su a tsakar gida ya kunna kafin ya kwance su. Tana bakin murhu, sai ta ɗago ta ce, "Kai Malam, waɗannan na waye? Yau warwarona ya fito tas, kamar yanzu nake dakan."

Ta ce sai ta ga ya tsaya cak. Ya ce, "Kin ji shi?"

"Ga shi nan kuwa, sai ƙara yake yi."

Ya shiga ɗaki ya kunna a tsofaffin sifikunsa, waɗanda ya fi yarda da su a duniya. Babu warwaro. Ya fito ya juya mata baya, ya ce ta kaɗa na hannunta. Ta kaɗa har hannunta ya gaji. Ya ce, "Maimuna, kaɗa mana." Ta ce a nan ne hawaye ya zubo mata.

To jama'a, a nan nake so mu tsaya. Babu wanda ya san wannan sai shi da matarsa. Hira yana jin ta ras, kiran salla yana ji, siririn sauti ne kawai ya sulale masa a hankali bai sani ba. Da ya yi shiru, da ya ci gaba da shiga falon manya ana karɓarsa hannu bibbiyu, babu mai ganewa har ya mutu. Bello ne kawai zai nutse.

Washegari ina tsaye kusa da shagon Bello ina jiran abin hawa, sai ga Malam da fararen kaya. Bai shiga ciki ba. A bakin titi ya tsaya, lokacin da mutane suka fi yawa, ya sa aka kira maƙwabtan shagon. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, kayan yaron nan lafiyarsu ƙalau. Kunnena ne ya mutu. Na yi masa ƙazafi ban sani ba. Bello, ka yafe mini."

Wani dattijo ya ja Malam gefe yana cewa, "Haba Malam, ai da a ɗaki ka faɗa masa." Ya ce, "A ɗaki na ɓata shi, amma ai a titi maganar ta yi yawo." Bello ya riƙe hannunsa yana ta cewa, "Baba, ya isa, Baba, ya isa."

Bai isa ba. Daga nan gidan Alhaji Abdulmalik ya nufa ya maimaita. Sannan ya zauna yana tuno duk wanda ya girgiza wa kai a 'yan shekarun nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce a sake duba hukuncinsa, don bai san ranar da abin ya fara ba. A asibiti an ce masa shekaru ne da yawan zama kusa da ƙara, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Alhaji ya roƙe shi ya ci gaba, ya ce ko rabin kunnensa ya fi na wasu. Malam ya ce rabin kunne ba ya yanke wa mutum hukunci. Daga ranar ya ajiye sauraro.

Malam, kai ne kunnen Gyaɗi-Gyaɗi, mun daɗe muna faɗa. Amma mun ɗauka gwanintarka a kunnen take, ashe a gaskiyarka take. Kai ne ka ɗauki sunan da ka gina tun ƙuruciya ka ajiye shi a bakin titi don wani ya ɗaga kansa. Na san alƙalai da malamai da masu duba gini, har da mu masu rubutu, da idonmu ya dushe tuntuni amma muna nan manne da kujera, muna yanke wa mutane hukunci. Ina jin kunya in na tuna ka, kuma ina so su ma su ji.

Shagon Bello ya farfaɗo, sifikun suna falon Alhaji. Malam kuwa yana nan yana buɗe shago da hantsi, yana ƙananan gyare-gyare da hannu. Kwanan nan na leƙa gidansa na tarar ya kunna dakan nan. Idonsa ba a rufe yake ba kamar da. Fuskar Inna Maimuna yake kallo, duk lokacin da ta yi murmushi sai ya gyaɗa kai, ya san warwaron ya wuce.

Mun gode, Malam Ɗanladi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu kuma da muka rage a kan kujerunmu, kowa ya samu wanda zai tsaya a bayansa ya kaɗa masa warwaro. In ba ka ji ba, ka fito titi ka faɗa.