Ƙwayar da Nake Zuwa Sha a Gidan Hajiya Luba

Assalamu alaikum 'yan uwa da masu kawo mini ɗinki. Wata takwas ke nan ban sa ko hoton atamfa ɗaya a shafin nan ba. Wasu sun turo saƙo ban amsa ba. Ku yafe mini. Jinya na yi, kuma sai yanzu na iya ba da labarin.

Bara Innata ta rasu a Shagari. Ciwon daji ne a ciki. Ni na yi jinyarta har ƙarshe.

Wata uku da dawowata Bodinga na fara jin zafi a saman cikina, kamar an ajiye garwashi. In na ci abinci ya lafa, in yunwa ta zo ya dawo.

Ranar wani suna na kasa cin shinkafa. Gwaggona ta dube ni ta ce, "Haka fa uwarki ta fara." Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma daga ranar tuwo ya daina wuce mini wuya.

Aka ɗibi jini, aka yi gwajin taifod. Aka tura ni Sakkwato aka yi hoton ciki, daga baya aka zura mini wata roba mai kyamara ta baki. Sai da na sayar da keken ɗinkina na biyu kafin a gama gwaje-gwajen nan. Likita ya ce gyambon ciki ne, ƙarami, ba daji ba, kuma magani zai warkar da shi.

Na ce to. A raina na ce haka muka riƙa gaya wa Inna don kada ta tsorata.

Na sha maganin yadda aka rubuta. Aka sake dubawa aka ce gyambon ya warke. Ni kuwa ciwo yana nan, har ya fi na da. Na rame har zobe ya daina zama a yatsana.

Maigidana albasa yake kaiwa Kudu, sai ya yi mako uku bai dawo ba. Yana kira kullum, amma me zan ce wa mutumin da ke kan hanya? Yarana biyu suna makarantar kwana. Masu dubiya sun zo a makon farko da na biyu. Da suka ji likita ya ce babu komai, sai ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifinsu ba.

Nakan wuni a ɗaki daga hantsi har la'asar ba wanda ya ce mini sannu, ina jiyo hirar masu wucewa kasuwa ta bayan katanga. Har na ware kayana, na rubuta wanda za a ba kowa in na mutu.

Hajiya Luba tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, gidanta na bayan layinmu. Ta zo karɓar ɗinkinta da ya daɗe a wurina, ta iske ni kwance. Ta sa na kawo takardun asibiti, ta sa tabarau ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Mi ka ba ki tsoro, ɗiyata?"

Duk watannin nan ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na yi ta kuka, sannan na ba ta labarin Inna.

Ta ce tana da wata ƙwaya, amma ba ta bayarwa a tafi da ita gida. Sai dai in zo da ƙafata kowace safiya in sha a gabanta, kuma ba a shan ta sai an sa wani abu a ciki.

Ranar farko sau biyu na zauna a hanya. Ta ba ni kunun gyaɗa rabin kofi da 'yar ƙwaya ruwan ɗorawa, ta zaunar da ni ina taya ta tsinkar zogale. Kwana huɗu na ji zafin ya ragu. Cikin mako biyu na ci tuwo da miyar kuka har na nemi ƙari.

A mako na biyar na roƙe ta sunan maganin don maigida ya sayo mini. Sai ta miƙo mini kwalbar. Ƙwayar ƙarin jini ce, irin wadda ake ba masu ciki a wurin awo.

Raina ya ɓaci. Na ce ashe ta ɗauke ni mai ciwon ƙarya. Ta ce, "Ciwonki gaskiya ne. Gyambon, maganin likita ya warkar da shi. Tsoro ne ya saura, shi ma yana murɗa ciki. Ki gafarce ni da ban gaya miki ba."

Kwana biyu ban je gidanta ba, ina jiran ciwon ya dawo. Ya ɗan taɓa ni, na ci abinci, ya tafi. Da na koma asibiti na gaya wa likita, bai yi mamaki ba. Ya ce hankali in ya kwanta jiki yakan bi shi, amma in na ga wani canji in dawo da wuri.

Don Allah kada wani ya karanta wannan ya bar maganinsa. Ƙwayar Hajiya ba za ta warkar da gyambo ba. Ku je a gwada ku, ku sha abin da aka rubuta. Ku kuma masu lafiya, ku kula da abin da kuke faɗa a gaban majinyaci. Dubiya kada ta ƙare a mako biyu, wanda ya daɗe kwance ya fi bukatar ku a wata na uku.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitocina da maigidana. Hajiya Luba, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Inna, Allah Ya jiƙan ki. Sai yanzu nake iya yin kewar ki ba tare da ina tsoron kaina ba.