Tabarmar Bayan Aji

A duk shekarun da na yi ina duba makarantu, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Talata da wata ƙaramar malama ta sa na tuɓe tabarauna na zauna a kan tabarma. Kun sha jin ina ambaton Malama Rahila idan muna bita, har wasunku na tambaya ko bashi take bina. Tun da kun taru yau don ku yi mini sallamar ritaya, bari in faɗa muku dalili.

A lokacin ina jami'in tallafa wa makarantu. Ga wanda bai san aikin ba, ana ba mutum rukunin makarantun firamare ne, ya riƙa zagaya su a kan babur, yana duba rajista da shirin darasin malamai, ya zauna a aji ya ga yadda ake koyarwa. Daga nan ya kai rahoto ga shugaban sashe, shi kuma ya miƙa wa Sakataren Ilimi. Ni mutumin Gummi ne, amma rukunina yana can yankin Bagega, inda ake haƙar zinare. Kowa ya san abin da gubar dalma ta yi wa yaran wannan yanki a shekarun baya, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Wasu sun rasu, wasu sun rayu amma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka rayun su ne suka iso firamare a zamanina.

Aka tura mu bita ta kwana uku a kan yadda za a tafi da kowane yaro a makaranta, mai lafiya da mai lalura, ɗan gari da baƙo. Na dawo kaina ya kumbura, ina jin babu wanda ya kai ni sanin abin. Na zauna na zana fom da hannuna, layi-layi: gurgu, makaho, kurma, sai layi na ƙarshe, wanda dalma ta taɓa. Na raba wa hedimastoci na ce a cike. Na kuma ba da umarni cewa a kowane aji a ware wa waɗannan yara wuri na musamman, domin malami ya riƙa ba su kulawa. Allah ya sani alheri nake nufi. Abin da ban tuna ba shi ne, a makarantar da benci bai ishi rabin aji ba, wuri na musamman ba ya wuce tabarma, tabarma kuwa ba ta da wurin shimfiɗawa sai bayan aji.

Layin ƙarshen nan shi ya fi saurin cika. Babu likitan da ya duba kowa. A wannan yanki, da zarar an ga yaro ba ya ja a karatu, sai a girgiza kai a ce dalma ce, magana ta ƙare. Ni kuma na bi fom-fom ina sa hannu ban ga fuskar yaro ko ɗaya ba. Har taron iyaye na kira, na yi musu wa'azin haƙuri, na ce kada su sa rai da yawa a kan yaran.

Aka kwashe shekara biyu a haka. Sai wata Litinin a zangon farko, bayan an yanke gero, hedimastan wata makaranta da ba zan kama sunanta ba, Malam Bawa, ya aiko mini da takarda cewa sabuwar malamar aji huɗu ta saɓa wa umarnin ofis. Washegari na rubuta takardar tuhuma, wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce, na cusa a aljihu na hau babur. Hanyar nan ta jijjiga ni har fushina ya ninka kafin in isa.

Malam Bawa ya tare ni a bakin ofishinsa. Ya ce, "Yallaɓai, malamar ga ta naɗe tabarmar da kac ce a shimhiɗa. Ta ɗauko yaran ta cusa su cikin 'yan'uwansu, har da wadda ta aza gaban allo. Na yi mata magana, tac ce sai ka zo."

Na ce, "Wace ta ta gaban allon?"

"Luba, ɗiyar Malam Isiya. Ita ma kwananta ya ƙare nan. Uban ya ce daga Juma'ar ga ya hidda ɗiyatai, ta koma taya Innarta tuyar waina, tun da kan ba shi ɗauka."

Malama Rahila 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ba ta fi wata huɗu da kama aiki ba. Na same ta an fita hutun ƙarfe tara, ajin babu kowa, tana goge allo. Ta gaishe ni cikin ladabi. Na zaro takardar na fara yi mata karatun bitar da na halarta, ita kuwa tana sauraro hannuwa a baya. Da na numfasa sai ta ce, "Yallaɓai, zan karɓi takardar, zan kuma amsa. Amma ina roƙon alfarma ɗaya. Don Allah ka ba ni tabarau ɗinka na minti biyar."

Na kusa in ce mata raini ne. To amma Malam Bawa na tsaye a ƙofa, ban so a ce jami'i ya ji tsoron minti biyar ba. Na tuɓe na miƙa mata. Ta jawo tabarmar daga inda ta jingine ta, ta shimfiɗa a bayan aji daidai inda take a da, ta ce in zauna. Na tattara babbar rigata na zauna. Ta koma gaban allo ta yi rubutu.

"Yallaɓai, lissafi ne na 'yan aji huɗu. Mece ce amsar?"

Na duba, ban ga komai ba sai farin hazo a kan baƙi. Na runtse ido, na miƙa wuya, na karkata kai. Ni da na koyar da lissafi shekara goma sha kafin in shiga ofis, ga ni zaune na kasa cewa uffan. Na ji Malam Bawa ya yi tari irin na mai danne dariya.

Ta ce, "Yadda ka yi da idonka yanzu, haka Luba take yi tun ranar da na shigo ajin nan."

Ta kawo mini tabarauna tare da littattafai biyu, na Luba da na yaron da ke zama kusa da ita a tabarma. Duk inda yaron ya tsallake layi, Luba ta tsallake. Duk inda ya juya lamba, ta juya. Ashe ba daga allo take kwafa ba, daga littafin maƙwabcinta take kwafa, shi kuwa yana cikin waɗanda dalmar ta taɓa da gaske. Malama Rahila ta ce ɗakin da take haya yana jikin Islamiyyar garin, kullum da la'asar tana jin wata yarinya na jan sauran yara hadda ba gargada. Da ta leƙa wata rana sai ta ga Luba ce, littafi manne da hancinta.

Aka kira Luba daga waje. 'Yar siririya ce, ba ta ɗaga kai. Malama ta tsayar da ita a bayan aji ta ce ta karanta abin da ke allo, Luba ta kasa. Malama ta kamo hannunta ta kawo ta gaba, taku biyu tsakaninta da allon. Kafin in gyara zaman tabarauna yarinyar ta faɗi amsar, kuma daidai. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba, na ɗiyar mutane.

Na mayar da takardar tuhumar aljihu na tambayi Malama Rahila sauran yaran fa. Su shida ne a tabarmar. Ta ce ɗaya kunnensa ke ruwa, ba ya ji sai an matso. Ɗaya ɗan Fulani ne da Hausa ba ta gama zama a bakinsa ba. Sauran ukun dai da alama dalmar ce, amma ko su, in ji ta, tun da ta zaunar da kowanne tsakanin yara biyu masu ƙoƙari sun fara buɗe baki. Ta ce, "A bayan aji ba kulawa suke samu ba, Yallaɓai. Suna kawai suka samu. Yara na ce musu 'yan tabarma."

Bayan azahar muka tafi gidan Malam Isiya, ni da Malam Bawa. Muka same shi a zaure yana ɗaure dami. Na yi masa bayani, na ce a ba mu yarinyar mu kai ta a duba idonta kafin ya yanke hukunci. Ya dube ni ya ce, "Ba kai na kat tara mu ba? Kai kac ce dalma ta, mu yi haƙuri. Mun yi. Yanzu kuma ka zo ka ce ido na. Wace magana za ni kamawa?"

Na ce, "Ta yau, Malam Isiya. Ta wancan karon ban ga ɗiyarka ba nis sa hannu. Laihina na, ba na kowa ba."

Ban taɓa faɗa wa uban yaro irin wannan magana ba, kuma ba ta fito da sauƙi ba. Ya ci gaba da jan igiyar damin. Can ya ce ya ba mu mako biyu.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin tafiyar. Malama Rahila da Innar yarinyar suka kai ta Gusau, likita ya auna ya ce ba ta gani daga nesa, ya rubuta mata tabarau. Ni kuma na rubuta rahoto na janye umarnina a dukan makarantun rukunin, na nemi a daina cike layin dalma sai ma'aikacin lafiya ya duba yaro. Shugaban sashe ya karanta ya ce, "Malam, wannan ai kanka ka kai ƙara." Na ce haka ne. Ya sa hannu ya wuce da shi, Allah ya saka masa da alheri.

Ranar da mako biyun suka cika na koma makarantar, na tarar da Malam Isiya tsaye a bayan aji, daidai inda tabarmar take a da. Luba na zaune a benci na uku da tabarau, tana karanta abin da ke allo da ƙarfi. Ya saurara har ta kai ƙarshe. Da muka fito ya ce mini, "Shekara biyu ko gishiri ban aike ta saye ba, don kar ta ɓata hanya. Ni dai na yahe maka. Amma ba ni kac cuta ba, ita za ka roƙa."

Na sa aka kira ta. Na durƙusa daidai tsawonta na ce ta yafe mini, ni na sa aka kai ta baya. Ta dube ni da mamaki ta cikin sabon tabaraunta. Ta ce, "Malam, ni na aza kowa haka shike ganin allon. Na aza ni ɗai ta ba ni iya karanta shi."

Wannan magana ta bi ni har gida, kuma har yau ba ta sake ni ba. Luba ta gama firamare, ta wuce sakandare. Malama Rahila kuwa na roƙa aka riƙa haɗa ni da ita wajen horar da malamai, kuma ba na jin kunyar cewa abin da na koya a wurinta ya fi na bitar kwana ukun. Ina gode mata, ina gode wa Malam Isiya da ya ba mu mako biyu alhali ba mu cancanta ba.

Aikinmu na fom ne da sa hannu, ba zan ce ku bari ba. Amma ku sani ƙananan malaman nan da muke zuwa dubawa sun fi mu sanin yaran, kuma yaro yana gaskata duk abin da muka rubuta a kansa. Takardar tuhumar nan tana nan a akwatina, ban taɓa miƙa ta ba. Kafin ɗayanku ya sa sunan yaro a kowane layi, ya je ya zauna inda yaron yake zama, ya dubi allon daga can.