Bakin Garzali Ya Shiga Akwati

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ran Juma'a ya san maƙwabcinmu Garzali dillali. Karatu babu, sai baki. Zai sa mutum ya rabu da sansa yana godiya. Matarsa Khairiyya kuwa, tun da aka kawo ta ba ta taɓa cin gardama a gidan nan ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ƙaninsa Abdulbaqi ya dawo daga Kano da kwamfuta a kwali. Wai zai koya wa kwamfutar jayayya irin ta mutane, ta riƙa tsara wa ɗan takararsu amsar da zai ba 'yan adawa.

"Yaya, ba ni dabarunka in zuba mata."

"Sirrin sana'ata zan ba akwati? Tashi ka ba ni wuri."

Sai Abdulbaqi ya zagaya wajen Khairiyya. Tana tankaɗe tana faɗa masa dabarun mijinta: zai fara da yabon iyayenka, ya jero ƙananan tambayoyin da dole ka ce e, sannan ya yi shiru har kunya ta sa ka yarda. Tana cikin magana ta ajiye rariyar. Ashe haka aka raba ta da ɗakinta ya koma ofishin jam'iyya, haka aka hana ta zuwa sunan ƙanwarta. Ta ɗauki mayafi, sai gidansu a Kausani.

Gogan naku ya je biko da babbar riga, har da turare.

"Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki..."

"Yabo ke nan," in ji ta daga bayan labule. "Saura tambayoyin."

Ya yi shiru.

"Shi ma na san shi, Malam. Yi abinka har magariba."

Ya dawo jiki a sanyaye, ya durƙusa gaban akwatin da ya raina. Abdulbaqi ya danna, ya danna, kwamfuta ta ce a fara da yabon iyayenta.

"Ba ta da wani sabo?"

"Yaya, abin da aka ba ta kaɗai ta sani."

Ya sake komawa Kausani, ba riga ba turare, ya rame kamar saniyar rani. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Khairiyya, na cuce ki. Gidan ba daɗi." Wallahi wannan karon har zuciyarsa ne.

Ta ɗan ɗaga labule ta dube shi.

"Kai, wannan sabuwa ce. Kai wa Abdulbaqi ya zuba."