Hoton Dattijo Mai Dakon Albasa

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da kyamara a buron nan, wato ofishinmu, amma ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata da na fita gwada sabuwar kyamara a hanyar Galmi. Ku da kuka shigo aiki bana kuna cewa na cika matsa muku a kan takardar izini. To ga dalilin, ko da yake ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne.

Ga wanda bai san aikinmu ba, buronmu na Konni yana taimakon manoma ne da iri da bankunan cimaka, daga nan har Malbaza da Illela. Ni aikina ɗaukar hotunan da ake sawa a rahoto. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka sauka daga mota, ka yi sallama, ka gaya wa mutum inda hotonsa zai je, in ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda.

A watan Maris na waccan shekarar aka aiko mana da sabuwar kyamara daga Yamai, mai dogon baki kamar guntun taɓarya. Kana tsaye a bakin titi za ta jawo maka fuskar mutumin da ke can ƙarshen gona. Kaina ya kumbura, har a buro nake yawo da ita a wuya. Na matsa wa shef ɗinmu, shugabar buron Madam Rakiya, sai da ta sa hannu a takardar tafiya, ta haɗa ni da direbanmu Baba Isufu.

Tun daga Tsarnawa na fara ɗauka ta tagar mota. Amalanke, rumbu, akuya a kan katanga, babu abin da na bari. Baba Isufu yana tsokanata wai saura in ɗauki ramukan titi in kai wa gwamnati. Da muka wuce Dogarawa muka iso garkar albasa, ana cikin cira. Can nesa na hango wani dattijo mai farin gemu, sanye da yagaggiyar taguwa, ya ɗauko buhun albasa a ka, gumi yana bin wuyansa. Na ce a tsaya. Ban ko buɗe ƙofa ba, na jawo shi na ɗauka sau biyar.

Baba Isufu ya ce, “Sani, wanga tsoho ba ɗan nan na ba. Dubi yadda shika sunne kai in mota ta wuce. Sauka ka gaishe shi.”

Na ce masa ai daɗin kyamarar ke nan, mutum bai ma san an ɗauke shi ba. Sai ya tayar da mota.

Hoton ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Da Madam Rakiya ta gani ta ce shi za a buga babba a ƙyalle domin taron rabon iri. Ta tambaye ni takardar izini, na ce dattijon ya yarda da baki, takardun ne na manta a buro. Ƙarya na yi mata, kuma ban ji ko ɗar ba.

A watan Mayu, gab da faɗuwar damina, muka je wani ƙauye a bayan Illela rabon iri. Da hannuna na ɗaura ƙyallen a bangon lakwal, wato makarantar boko, bayan teburin manya, na koma gefe ina jiran yabo. Sai na ga mutane suna duban hoton, suna duban layin gaba, suna sunkuyar da kai. Wani ya saki baki ya ce ai wancan Malam Mahamadu ne, na kusa da shi ya zungure shi.

Na bi idonsu. Ga dattijon nan zaune a kujerar gaba, cikin farar babbar riga da rawani. Shi ne shugaban kwamitin bankin cimaka na garin, makullin rumbun jama'a a hannunsa yake, kuma gabansa ake kai rigimar gona.

Baba Isufu ne ya ja ni bayan mota ya gaya mini abin da ya jiyo. Daminar da ta wuce ba ta yi wa Malam Mahamadu kyau ba, ga iyalin ƙanensa marigayi a wuyansa, rumbunsa ya ƙare tun rani bai yi nisa ba. Ya ƙi taɓa hatsin bankin don kada a ce mai riƙe da makulli ya fara da kansa. A ƙasarmu kuwa dattijo irinsa ba ya ƙwadago inda aka san shi. Sai ya ce wa gari zai je gaida ƴan'uwa a Sakkwato, ya tafi dakon albasa inda babu mai kiran sunansa. Ko matarsa ba ta sani ba. Ni kuma na zo na rataye asirinsa a bango, gaban surukansa da jikokinsa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Baba Isufu ne ya je ya kwance ƙyallen ya naɗe. Malam Mahamadu kuwa ko motsi bai yi ba. Ya zauna har aka gama, ya karɓi irin garinsu ya sa hannu, shi ya rufe taro da addu'a, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Bayan la'asar na bar kyamarar a mota, na tafi zaurensa na durƙusa. Na ce, Baba, ni na ɗauki hoton, ban kuma tambaye ka ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya jira sai da na sha.

Sannan ya ce, “Ɗana, na ga motarku ran nan, na ɗauka wucewa za ku yi. Da ka sauko kay yi man sallama, da na roƙe ka ka bari, kuma na san da ka bari. Dako ba sata na ba, ban jin kunyatai gaban Allah. Amma ni ad da ikon hwaɗin labarina, ba kai ba.”

Ya ce ya yafe. Sai dai kafin shuka ta fito ya mai da makullin bankin, ya ce a ba wani. Mutanen garin sun je har gida sun roƙe shi, ya ƙi, wai ba zai iya zama yana auna wa mutane hatsi suna kallonsa da tausayi ba. Gari ya rasa mutumin da ya fi kowa amana saboda na ji ƙyuyar taka ƙafa zuwa ƙarshen gona.

A hanyar komawa na gaya wa Madam Rakiya gaskiya. Ta rubuta mini takardar gargaɗi, tana nan cikin dosiyena na takardun aiki, ban kuma taɓa neman a cire ta ba. Hotunan biyar na goge su, ƙyallen muka ƙone shi a bayan buro.

Abin da na koya shi ne, mutanen da muke ɗauka ba kayan ado ba ne a gefen hanya. Kowanne yana da gari, yana da suruki, yana da abin da yake rufewa, kuma kyamara ba ta ganin wannan komai tsawon bakinta. Har yau in aiki ya kai mu garin, Malam Mahamadu yana amsa gaisuwata da fara'a, ni ne dai ba na iya haɗa ido da shi. Don haka in mota ta tsaya, ku bar kyamarar a kan kujera, ku sauka ku yi sallama tukuna.