Usta Ɗahiru da Famfon Mai

Ɗahiru ɗan masu cirar auduga ne a yankin Jazira, can ƙasar kogin Nilu, amma shi bai zauna a gona ba. Yana saurayi ya shiga soja a bakanike, ya shekara goma sha tara yana kwance injin jirgi mai saukar ungulu yana ɗaurawa, a wani sansani da ke arewacin Umdurman. Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a. Kullum daga unguwar Mayo yake tasowa, sai ya hau mota uku kafin ya isa.

A sansanin ake koya wa sababbin matuƙa abin yi idan inji ya mutu a sama. Malami kan rage wuta da gangan, ɗalibi ya bar iska ta riƙa juya farfela har su dira.

Wata safiya a 1995 inji ya mutu da gaske. Ɗalibin, Laftana Salahuddin, ya yi yadda aka koya masa, ya sauke jirgin cikin gonar albasa a bakin kogin Nilu. Ba wanda ya rasu. Kafin azahar 'yan tsaro biyu cikin farin kaya suka tsaya kan Ɗahiru.

"Wa ya taɓa jirgin nan ƙarshe?" in ji babbansu.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da wa kake shan shayi? Ubanka, a ina aka haife shi?"

Ɗahiru ya san inda matsalar take. Famfon man da ya ɗaura ya zo ne cikin kwali ba takarda, an kankare lambarsa. Ya yi magana tun ranar da aka kawo shi, hafsan sito ya ce ya ɗaura kawai. Amma wa ya sani ko waɗannan mutanen na hafsan ne? Sai ya kama bakinsa.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannunsu, aka sake shi ba bayani. A wurin aiki, in ya zauna sai abokai su miƙe. Shi ma ya daina yarda da kowa.

Ran wata Juma'a sai ga Salahuddin har gida. Kubra, matar Ɗahiru, ta kawo shayi tana leƙen titi ko da mota a tsaye.

"Baba Ɗahiru, na rubuta musu cewa famfo ne, ba kai ba. Faɗa mini wanda ya ba ka shi."

Ɗahiru ya dube shi. Turo shi aka yi a ji bakinsa?

"Na manta, ɗana. Sha shayinka."

Da shekara ta zagayo ya ajiye aiki, ya kama rumfa a Kasuwar Libiya ta Umdurman yana gyaran janareta. A nan wani tsohon abokin aiki ya gaya masa an kori Salahuddin tun tuni saboda wannan rahoton. Ɗahiru ya rufe rumfa ya tafi unguwar Soba neman gidan su Salahuddin. Mahaifiyarsa ta amsa sallama daga bayan ƙofa, ta ce ya tafi Jidda, ta ƙi faɗin adireshi.