Makullin Malam Titus

Duk wanda ya zauna ajin Malam Titus ya san zanen nan nasa. Shekara talatin yana koyar da bayoloji a Gombe, ni ma ya koyar da ni kafin in buɗe shago a layinsu a Federal Low-Cost. Sai ya zana ɗaki a allo, ya ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne bila adadin, kowanne da murhunsa. Tuwon da ka ci ya zama suga, jini ya kai shi bakin ƙofa, insulin, wato makullin, ya buɗe, murhu ya ƙona shi da iskar da ka shaƙa, ka samu ƙarfi.

"In makullin ya ɓata fa?" in ji shi.

Mu ɗauka baki ɗaya: "Yunwa a gaban abinci, Malam!"

To, nasa makullin ne ya ɓata. Yana yin ritaya ciwon suga ya kama shi. Ga ci kamar gara, ga wando na zamewa. Wani ɗan miki ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya ce in sugan bai sauka ba, ƙafar za ta tafi.

Matarsa Mama Jummy kuwa, a wurinta rama magani ɗaya gare ta: malt da madarar gwangwani, abin da ake ɗura wa mai jego. Kullum da la'asar tana shagona, ta saya masa ɗaya-ɗaya.

Na ce, "Mama, don girman Allah! Jininsa cike yake da suga, shiga ɗakunan ne ba ya yi."

"Waɗanne ɗakuna? Ke Sandra, bokonku ya yi yawa. Ki dubi wuyansa, in zuba ido yunwa ta kashe min miji?"

Raina ya ɓaci, na same shi a baranda. "Malam, kai fa ka koya mana!"

Ya yi murmushi. "Na zana mata har a ƙasa da tsinke, ta yi kwana biyu tana kuka wai na daina yarda da hannunta. Tun aurenmu ban taɓa mayar mata da kwano ba. Yanzu zan fara, 'yata?"

Wallahi na rasa wanda zan rufe da faɗa a cikinsu. Na koma shago ina ta huci.

Watan jiya aka yanke ƙafar daga gwiwa. Ran da aka sallamo shi sai ga Mama Jummy, idanu a kumbure.

"Ba ni biyu yau. Ya zubar da jini da yawa."

Na ce ba zan sayar ba, ko za a kashe ni. Ta dube ni, ta gyara ɗankwalinta. Ina tsaye ina kallo ta tsallaka titi ta shiga shagon Amobi, wanda shi ma yake sayar da malt da madara.